Hayaƙi Biyu a Rufin Hersent

A ƙauyenmu Courtenne ba wanda yake kiran Hersent da sunanta. Uwar Kont ake ce mata, kuma tana amsawa da fara'a, ko da ta san rabin masu kiran tsokanarta suke yi. Ba ita ta haifi Kont ba. Nono ta ba shi, kuma shekara talatin ba ta bar kowa ya manta ba.

Ta tashi a zamanin Kont Gaucher na Montarvel, mai ƙasarmu, wanda ba shi da na gaba sai sarkin Faransa, shi ma sarkin akan yi shekara biyar ba a ji ɗuriyarsa ba. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kuma a ɗakin aure ya sami yawancin ƙasarsa, ba a fagen fama ba. Sau uku ya yi aure, kowace sai da ya binne ta gabanta. Ta farko ta zo masa da babban daji, ta mutu ba ta haihu ba. Ta biyu ta zo da gadar kogi da duk abin da masu wucewa ke biya a kanta, ita ce ta haifa masa Renier. Ta uku ba ta zo da komai ba sai 'yan'uwa maza uku masu cin tsiya, ta haifa masa Aimeri da 'ya mace guda. Yaƙi kuwa sau ɗaya ya je, can ƙetaren teku, ya dawo da zazzaɓi da ido ɗaya.

Mu kuwa na ƙasa ne. Ba a kai mu kasuwa a sayar, amma in aka ba da ƙauye, da mu ake bayarwa, kamar yadda ake bayarwa da itatuwan da ke cikinsa. Kuma dokar gadonmu guda ce, kowane yaro ya san ta kafin ya san addu'a: ɗa ba ya gadon iyayensa sai in wuta ɗaya suke hurawa, tukunya ɗaya suke ci, burodi ɗaya ake yanka musu. In ya raba tukunya har aka yi shekara ɗaya da kwana ɗaya, shi ke nan, ya zama baƙo. Ranar da tsohon ya mutu, gonarsa ta koma hannun mai ƙasa. Shi ya sa za ka ga 'yan'uwa ba sa ga maciji da juna, amma kullum suna tsoma cokali a kwano ɗaya.

Hersent tana da shekara ashirin, tana auren wani salihin manomi mai suna Garin, ta haifi ɗanta na fari, Milon. Yaron yana wata biyu aka haifi Renier a fada. Matan manya ba sa shayarwa, don haka aka turo wata tsohuwa daga fada ta zagaya ƙauyuka tana duba masu jego. Takan duba haƙoran mace, ta shinshina numfashinta, sannan ta ɗiga nononta a kan farce. In ya gangare nan take, ruwa ne. In ya daskare, ya yi kauri. Na Hersent ya tsaya a kan farcen kamar ƙwayar dutsen ado, sai da aka karkata yatsa ya sauka a hankali.

"Ɗauko mayafinki," in ji tsohuwar.

"Yaron fa?"

"Ɗan Kont ba ya raba nono da kowa. Ba ku da akuya?"

Suna da akuya. Ba wanda ya tambayi Hersent ko ta yarda, ba wanda ya tambayi Garin. Ta yi kuka tun daga ƙofar gida har gindin tudun da fada take kai, wannan gaskiya ce, waɗanda suka raka ta sun faɗa. Amma kuka ba ya hana mutum sabo. A fada akwai farin burodi, da nama sau uku a mako, da gado mai katifar gashin tsuntsu. An ce shekara biyu za ta yi. Kafin a yaye Renier uwarsa ta mutu, yaron ya maƙale wa Hersent, in ba ya ganinta ba ya cin abinci. Shekara biyu ta zama huɗu. Sau biyu a shekara ake barinta ta leƙa gida, ta wuni ta koma.

Ranar da aka sallame ta, Kont Gaucher da kansa ya hau doki ya zo Courtenne. Ya tsaya a gangaren kudu, inda rana ta fi daɗewa, ya karya reshen wani itace ya sa mata a hannu a gaban jama'a, ya ce daga wancan dutse zuwa rafi nata ne. Haka ake ba da ƙasa. Hersent ta naɗe reshen a ƙyalle ta soke shi a jikin bunun ɗaki, kuma tun daga ranar ta ɗauka cewa ita ba ɗaya take da sauranmu ba.

Milon kuwa da ya ga wata mace mai tsabtar kaya ta shigo ta buɗe masa hannuwa, sai ya ruga ya ɓuya bayan akuya. Mutane suka yi dariya, sunan ya bi shi: Ɗan Akuya. Da uwar ta san ta kan duniya, da ta zauna ƙasa ta lallashe shi har ya saba. Ina. Ta dawo da fada a bakinta. A fada ba a cin abinci sai an wanke hannu. A fada yara ba sa jan majina. Renier yana shekara uku ya iya gaida baƙi, Renier gashinsa kamar zinariya, ɗana Renier kaza, ɗana Renier kaza. Ba mugunta ba ce. Tana son ɗanta, amma kunyar abin da ya faru ta hana ta kallonsa ido da ido, sai ta riƙa surutu a kan wancan don kada shiru ya kama su. Yaron ya taso yana kiranta Uwar Kont kamar kowa, ita kuma ba ta taɓa hana shi ba. Ba ta ƙara haihuwa ba.

Garin ne ya mai da gangaren nan gona. Ya kwashe duwatsu, ya dasa inabi jeri-jeri, Milon na biye da shi tun bai kai tsawon fartanya ba. Tari ya kashe Garin a wani hunturu, Milon yana shekara goma sha bakwai, aikin duka ya dawo wuyansa. Ya iya inabi fiye da ubansa. Shi ya san reshen da za a datse da wanda za a bari, kuma abin da gonar ke bayarwa shi ne cinsu da suturarsu, domin ɗan filin da Garin ya bari bai wuce na kabeji da albasa ba. Amma gonar ta Hersent ce, kuma ita ke yanka burodi a gidan. A wurinmu wanda ke riƙe da wuƙar burodi shi ne mai gida.

Milon yana kusan talatin Kont Gaucher ya kwanta ciwon ajali. Ya tuna abubuwan da ya aikata a ƙetaren teku da ma a gida, tsoro ya kama shi, ya kira sufayen da ke gidan ibada na bakin kogi ya ba su Courtenne gaba ɗaya, da gonakinta da mutanenta, don su riƙa yi wa ransa addu'a har abada. Wato mu aka biya kuɗin zunubinsa da mu. Sauran ƙasar 'ya'yansa suka raba: Renier ya ɗauki fada da gada da sarauta, Aimeri ya ɗauki daji, kuma kafin kabarin ubansu ya bushe sun fara ƙona wa juna rumbuna a kan iyaka.

A zamanin tsohon Kont ba a cika tsananta dokar tukunya ba, wakilinsa in ka ba shi kaza ba ya ɗaga kai ya dubi rufin kowa. Sufaye ba sa cin kaza. Wakilinsu, wani siririn sufi da ake kira Ansel, yakan zo a kan alfadari, ya tsaya bakin hanya da safe yana kallon inda hayaƙi ke fita. Ba azzalumi ba ne, ba ya ƙara ko ƙwaya a kan doka, ba ya kuma ragewa.

A wannan tsakanin Milon ya auri Odeline, yarinya mai haƙuri daga ƙarshen ƙauye, ta shigo tukunyar Hersent. Ta haifi 'ya mace ana tsakiyar tsinkar inabi. Ko wahalar aiki ce ko mene ne, nononta ya ƙi zuwa sosai. Mako ɗaya bayan an gama tsinka suna zaune suna cin miyar wake da tsakar rana, jaririyar na ta tsala kuka.

"Inna, yarinyar nan tun jiya ba ta ƙoshi ba," in ji Odeline, idonta ya cika da hawaye.

Hersent tana yanka burodi, ko kai ba ta ɗaga ba. "To mene ne abin kuka? Ku tatsi akuya mana. Ga ubanta nan, da nonon akuya aka rene shi. Me ya same shi? Ƙato kamar sa."

Milon ya ajiye cokali.

"Me ya same ni, Uwar Kont? Ashe kin taɓa tambaya?"

Magana zarar bunu ce. Hersent ta ji abin da ta faɗa bayan ya fita daga bakinta, amma maimakon ta ce ta yi kuskure sai ta ce, "Ni za ka yi wa tsawa a kan tukunyata?" Ya tashi ya fita, ya riƙa ɗauko duwatsu daga bakin rafi yana kaiwa ɗaya ƙarshen ɗakin, inda dabbobi ke kwana. Ya jera murhu. Ya kitsa shinge na tsumagu a tsakiyar ɗaki. Sannan ya hau sama ya huda bunu don hayaƙi.

Maƙwabta suka taru, domin ba kullum ake ganin mutum yana ƙona gadonsa da rana tsaka ba.

"Ɗan Akuya, giya ka sha?" in ji wani tsoho. "Sauko, yaro. Kowa da uwarsa mai baki. Tawa har ta mutu tana zagina, ga ni da gonarta."

"Baba, ƙyale ni. Gonar nan kuɗin nono ce. Waɗanda suka sha su karɓi abinsu."

Kwana uku bayan haka Ansel ya zo, ya dubi rufin, ya shiga ya ga murhu biyu.

"Kun san doka," ya ce. "Shekara ɗaya da kwana ɗaya daga ranar da aka hura waccan. Ina roƙon Allah kada na sake ganin haka."

"Dokar ta talakawa ce," in ji Hersent. "Ni Kont ne ya sa min reshe a hannu."

"Iya, duk wanda ke da ƙasa a garin nan reshe aka sa wa kakansa a hannu."

Ba ta saurare shi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da ke ga ɗan daga wurinta ya samo shi. Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, suna ƙarƙashin rufi ɗaya suna ƙona itace kashi biyu. Ta shingen take jin kukan jikarta, da muryar Milon yana lallashinta da wata tattausar murya da ba ta taɓa sanin yana da ita ba. Yarinyar ta rayu, da madarar akuyar da aka yi faɗa a kanta. Odeline takan saci jiki ta miƙo gaisuwa, amma ko gutsuren burodi ba ya tsallake shingen. Limamin coci ya yi wa Milon magana sau biyu, ya ce shi ba zai sake zama a wutar da ake ce masa ɗan akuya ba. Duk da haka da sanyi ya fara ja da baya ya hau gangare ya datse inabi kamar kullum, ya yi kaftu, ya ɗaure rassa. Hersent takan tsaya bakin ƙofa tana kallonsa daga nesa. Hankalinta kwance, tana da reshenta.

Da rani ana yankan ciyawa jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, ta faɗi, sai da aka ɗauko ta. Ta warke bayan kwana huɗu, amma hannunta na hagu bai koma daidai ba. A kwancen nan ne ta fara lissafin da ya kamata ta yi tun kaka: in ta mutu, kuma maganar Ansel ta zama gaskiya, ɗanta da matarsa da jikarta za su koma leburanci a gonar da shi da ubansa suka kwashe wa duwatsu. Tsoro ya kama ta sosai. Ta zaro ƙyallen daga bunu, ta ɗaura mayafinta mai kyau, ta kama hanyar fada.

Shekara ashirin da shida rabonta da shiga. Masu gadi ba su san ta ba, sai da wani tsohon mai dafa abinci ya shaida ta. Ta zauna a zaure tun hantsi har rana ta karkata, domin Kont Renier yana ganawa da mutanen da suka zo neman auren ƙanwarsa, ana ja-in-ja a kan ƙauyuka nawa za ta tafi da su. Da ya fito, ta ga mutum mai ƙiba, gashin zinariyar nan ya zube tun daga goshi. Ya dube ta ya ɗan yi jim, sannan fuskarsa ta washe.

"Inna Hersent. Ke ce kika tsufa haka?"

"Ranka ya daɗe, kai ma ba ka tsaya jirana ba."

Ya yi dariya, ya kama hannunta ya zaunar da ita, ya sa aka kawo mata farin burodi. Ta kwance ƙyallen ta nuna masa busasshen reshe, ta faɗi abin da ke tafe da ita tun daga farko, sai dai ta tsallake maganar akuya. Ya saurara har ta gama, ya shafa kansa.

"Inna, Courtenne ba tawa ba ce. Ubana ya bayar, ni kuma na ɗora hannu a kan bagadi na rantse ba zan taɓa ba. In na karɓi ko taki ɗaya, sufaye su daina yi masa addu'a, su kai ƙarata wurin manyan coci, Aimeri kuma abin da yake jira ke nan."

"Ubanka da bakinsa ya ce tawa ce."

"Taki ce, har ki mutu. Bai ce ya 'yanta ki ba."

"Shekara huɗu, ranka ya daɗe. Na bar nawa yana wata biyu."

"Na sani, Allah ya saka miki. Zan sa a ba ki bargo da buhun alkama." Ya miƙe, domin ana jiransa. "Amma maganin ai yana gidanki. Ku haɗa tukunya. Dube ni da ƙanena, mun raba tamu, ga shi rabin ƙasar ubanmu tana cin wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ya tafi. Bai wulakanta ta ba, kuma wannan ya fi mata ciwo. Da ya kore ta, da ta sami wanda za ta zaga a hanya. Ta fito ɗauke da bargo ta gane cewa wanda ta yi shekara talatin tana kira ɗanta mutumin kirki ne da ya tuna da ita kamar yadda ake tuna tsohuwar rigar yarinta. A kan gadar da uwarsa ta kawo ta tsaya ta saki reshen a ruwa.

Da ta dawo ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ba, amma an lura ta daina cewa a fada. Duk da haka ba ta je wurin Milon ba. Girman kai ba ya mutuwa rana ɗaya. Ta aiki Odeline ta roƙe shi su haɗa tukunya, ta dawo da amsa.

"Inna, ya ce ko wuƙa za a sa masa a wuya ba zai dawo wutarki ba. Na yi kuka, na yi roƙo. Kin san shi."

"Na san shi. Ni na haife shi, ko ban rene shi ba."

Inabi ya nuna, aka tsinke, aka matse. Ansel ya zo karɓar rabon sufaye, saura kwana uku wa'adi ya cika. Hersent ta same shi a bakin wurin matsa, ta ja shi gefe.

"Malam sufi, dokar nan taku. Wace wuta ta ce? Ta uwa ko ta ɗa?"

Ya dube ta da kyau. "Cewa ta yi ɗaya. Ba ta ce ta wa ba."

"To gobe da tsakar rana ka bi ta ƙofarmu."

Washegari, lokacin da mutane ke dawowa cin abinci, Hersent ta ɗebo ruwa a guga ta shiga ɗaki. Wutar murhunta tun ranar da Garin ya kawo ta gidan ba ta taɓa mutuwa ba, kullum akan rufe garwashi da toka a tone da safe, ko shekarun da take fada shi ya riƙe ta. Ta juye mata ruwan gaba ɗaya. Farin tururi ya tashi ta hudar rufi, sannan ya tsaya. Ta ɗauko tukunyarta mai ƙafa uku da hannunta mai lafiya, ta fito tsakar hanya, ta ɗaga ta saki a kan dutse. Ƙarar ta fito da maƙwabta. Ansel na zaune a kan alfadarinsa a ƙarƙashin bishiya.

Kowa ya gane abin da ta yi. Hunturu saura wata ɗaya, ga tsohuwa mai hannu ɗaya ba wuta ba tukunya. In ɗanta ya ƙi ta, sai bara.

Ta ɗauki akushinta ta zagaya zuwa ƙofar da Milon ya huda wa kansa, ta inda dabbobi ke shiga. Ba ta shiga ba. Ta zauna a dokin ƙofa, a ƙasa. Yana zaune gaban murhu da burodi a cinyarsa da wuƙa a hannu, Odeline na riƙe da yarinya.

"Me ke nan kuma, Uwar Kont?"

"Yunwa nake ji."

"Ki je fada. An ce can farin burodi ake ci."

"Na je. Bargo aka ba ni." Wasu suka yi dariya a baya, ba ta waiwaya ba. "Milon, saurara, ba zan iya faɗa sau biyu ba. Da aka ɗauke ni ba a tambaye ni ba, wannan ba laifina ba ne. Amma da na dawo ka ɓuya bayan akuya, ya kamata na bi ka can na zauna har ka fito. Ban bi ka ba. Kunya ta hana ni, na yi ta cika maka kunne da ɗan wani. Wannan laifina ne. Kuma ka yi gaskiya, ban taɓa tambayar abin da ya same ka ba."

"Don gona kika zo."

"Don gona na zo. Ita kaɗai nake da ita da zan bar maka. Kuɗin nononka ce, ka faɗa, to naka ne, ba na sufaye ba. In ba ka so don ni, ka karɓa don waccan." Ta nuna yarinyar da haɓa.

Milon ya juya fuskarsa ga wuta. Mutum ne mai shekara talatin da ɗaya, amma waɗanda ke kusa sun ce fuskarsa a lokacin ta yaro ce. Sannan ya kafa burodin a ƙirjinsa ya yanko gefe mai kauri. Bai miƙa mata ba. Ya ajiye shi a kan benci, kusa da wuta.

"Ba a cin abinci a bakin ƙofa," ya ce. "Ko a fada haka ake yi?"

Ta tashi da ƙyar ta shiga. Odeline ta zuba mata miya daga tukunya. Ansel ya sauko, ya leƙa ya ga ta kai loma baki, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya koma kan alfadarinsa. Da yamma Milon ya cire shingen, ya hau sama ya toshe tsohuwar hudar da sabon bunu.

Ta ƙara shekara shida a wutar ɗanta. Kada wani ya ce ta zama salihar tsohuwa. Kullum miyar Odeline gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma ita da Milon sukan yi kwana biyu ba sa magana. Amma wuƙar burodi ba ta sake taɓawa ba, kuma jikarta a bayanta ta girma. Kont Renier da ƙanensa sun ci gaba da faɗansu har sarki ya shiga tsakani ya karɓe dajin ya bar su da hamma.

Ta mutu a farkon bazara. Ansel ya zo, ya ga hayaƙi ɗaya, ya ce gona ta Milon ce. Ya karɓi abin da doka ta ba mai ƙasa in mutum ya mutu, wato dabba mafi kyau a gidan, ya ja akuya ya tafi. Daga fada an aiko da kyandir biyu.

A bakin kabari limamin coci ya ce a yi wa baiwar Allah Hersent addu'a. Wani tsoho mai nauyin kunne ya dafa na kusa da shi ya tambaya da ƙarfi, "Wace ce kuma Hersent?"

"Uwar Kont mana," aka ce masa.

Milon yana riƙe da shebur, bai waiwaya ba.

"Uwata ce," ya ce.

Ya rufe kabarin da hannunsa, ya wanke ƙafa a rafi, ya hau gangare, domin lokacin ɗaure rassa ya yi.